Darasin Lafiyar Jiki: Ƙashin Karankarma, Kowa Da Irin Lanƙwasar Nasa

Da zarar kaka ta yi, hanyoyin da suka fito daga Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume da Faskari sukan cika da babura da amalanke, kowa na jigilar masara da dawa da auduga zuwa kasuwannin Funtuwa da Malumfashi. A wannan lokaci ne faɗuwa take yawa. Wani buhu ya rinjaye shi a kan babur, wani ya zame daga saman lodi, wani kuma jaki ya kayar da shi. Cikin ƙasusuwan da suka fi karyewa a irin wannan faɗuwa akwai wanda ya tashi daga gindin wuya ya nufi kafaɗa. Wasu suna kiransa ƙashin wuya, wasu kuma ƙashin karankarma. Da wannan suna na biyu za a kira shi a cikin darasin nan.

Akwai kuskure iri biyu da akan yi game da shi. Na farko, mutum ya ɗan buge kafaɗa, ya shafa, ya ji ƙashin a lanƙwashe, sai ya ɗauka karaya ce, ya kai kansa a ja shi a matsa shi, alhali lafiyarsa ƙalau. Na biyu, mutum ya karye da gaske, amma ya ce targaɗe ne, ya koma gona da ɗaukar kaya. Duka biyun rashin sanin siffar ƙashin ne ke kawo su. Abin da darasin wannan wata zai nuna shi ne, ƙashin karankarma a lanƙwashe aka halicce shi, kuma lanƙwasar ta kowa daban ce.

Inda ƙashin yake

Mai karatu ya ɗora yatsansa a ɗan ramin nan da ke ƙarƙashin maƙogwaro. Idan ya matsar da yatsan dama ko hagu kaɗan, zai ji kan wani ƙashi ya ɗan taso. Ya bi shi a hankali har zuwa saman kafaɗa. Wannan shi ne ƙashin karankarma. Babu tsoka mai kauri a kansa, fata ce kawai ta rufe shi, saboda haka ana iya shafa shi daga farko har ƙarshe.

Baligi yana da ƙasusuwa 206 a jikinsa, biyu daga ciki su ne na karankarma, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Tsawon kowanne a jikin baligi yawanci santimita 13 zuwa 15 ne, watau inci 5 zuwa 6. Kansa na ciki yana haɗe da ƙashin ƙirji, na waje kuwa yana haɗe da wani ɗan reshe na allon kafaɗa. A cikin dogayen ƙasusuwan jiki shi kaɗai ne yake kwance a gicciye, sauran duk a tsaye suke.

Wani abin lura kuma shi ne, hannun mutum gaba ɗaya, tun daga yatsu har allon kafaɗa, ba shi da wata gaɓa ta ƙashi da ta haɗa shi da gangar jiki sai wannan guda ɗaya da ke tsakanin karankarma da ƙashin ƙirji. Sauran riƙon duk na tsoka ne. Watau duk nauyin da manomi ya tura da hannu, ko ya riƙe garmar shanu ko ya tokare amalanke, wani kaso na wannan nauyi ta kan ɗan ƙashin nan yake bi ya shiga jiki.

Siffarsa kamar harafin S

Ɗaliban ajin yaƙi da jahilci sun san harafin S. Idan aka kwantar da shi, aka ja kawunansa biyu ya ɗan miƙe amma bai miƙe sarai ba, to an sami siffar ƙashin karankarma in an dube shi daga sama. Lanƙwasa biyu gare shi. Idan aka kasa tsawonsa kashi uku, kashi biyu na wajen ƙirji sun turo gaba. Kashi ɗaya na wajen kafaɗa kuwa ya koma baya, ya bar ɗan kwari a gaba.

Kaurinsa ma ba ɗaya ba ne. Wajen ƙirji yana da kauri, kusan mulmulalle ne. Wajen kafaɗa kuwa ya baje ya yi faɗi kamar bakin ludayi. A tsakiya, inda lanƙwasar farko ta ƙare ta biyu ta soma, nan ne ya fi siranta. A riƙe wannan wuri a zuci, domin za a komo kansa.

Amfanin lanƙwasar

Lanƙwasar nan ba aibu ba ce, tana da ayyuka uku.

Na ɗaya, tana ba da hanya. A bayan ƙashin, ta ƙarƙashinsa, manyan jijiyoyin jini guda biyu suke wucewa, ɗaya tana kai jini hannu, ɗaya tana komo da shi. A nan ne kuma damin jijiyoyin da ke sa hannu motsi da jin taɓi yake ratsawa daga wuya zuwa hammata. Ƙololuwar huhu ma tana nan kusa. Turowar da ƙashin ya yi gaba ta bar wa waɗannan duka fili, kuma ya zama garkuwa a gare su.

Na biyu, tana taimakon ɗaga hannu. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tayar da injin niƙa ya san ƙarfen nan mai gwiwa da ake murɗawa. Da miƙaƙƙe ne, murɗa shi ba za ta ɗaga komai ba. Haka ƙashin karankarma yake. In mutum ya ɗaga hannu sama, ƙashin yakan juya a kan kansa, kuma saboda lanƙwasar, kansa na waje sai ya ɗago allon kafaɗa. Da haka ne mace take iya ɗaga taɓarya sama da kanta, mai yankan dawa kuma ya kai hannu ga zangarniya.

Na uku, tana rage ƙarfin bugu. Sanda mai ɗan lanƙwasa takan ɗan ba da kai in an danna ta ta tsawo, sa'an nan ta komo. Ƙananan bugu da yawa haka ƙashin yake shanye su ba tare da ya karye ba.

Ban da wannan, ƙashin shi ne madogarin da ya tokare kafaɗa ya nisanta ta daga ƙirji, don hannu ya sami sararin juyawa ko'ina. Mahauta shaida ne a nan. Sun feɗe shanu da awaki da tumaki ba iyaka, amma ba su taɓa cin karo da wannan ƙashi ba, domin waɗannan dabbobi ba su da shi. Doki da jaki ma haka. Ƙafafunsu na gaba tafiya kawai suke yi, gaba da baya. Biri kuwa, da yake yana lilo a reshe, yana da shi kamar mutum. A jikin kaza da zabo guda biyun ne suka haɗe wuri ɗaya, suka zama ɗan ƙashin nan mai kama da gwafa da ake samu a gaban ƙirji.

Kowa da irin nasa

Hausawa sukan ce ko yatsun hannu ba daidai suke ba. Masana sassan jikin ɗan Adam sun auna ƙasusuwan karankarma masu yawa a ƙasashe daban daban, suka tarar yana cikin ƙasusuwan da siffarsu ta fi bambanta daga mutum zuwa mutum. Na wani ya lanƙwashe sosai, na wani kusan a miƙe yake. Na wani kansa na waje ya sunkuya ƙasa, na wani ya ɗan murɗe. Duk waɗannan lafiyayyu ne. Ga abubuwan da ke kawo bambancin.

Namiji da mace. A yawancin mutane, na namiji ya fi tsawo da kauri da lanƙwasa. Na mace ya fi gajarta da siranta da santsi, lanƙwasarsa kuma ba ta kai ta namiji ba. Wannan a kan galibi ne. Akan sami mace mai aikin ƙarfi da nata ya fi na wani namijin kauri.

Dama da hagu. Ko a jikin mutum ɗaya, biyun ba su cika zama daidai ba. Sau da yawa na dama ya fi gajarta kaɗan kuma ya fi kauri, na hagu ya fi tsawo. Bambancin yakan zama 'yan milimita ne. Haka kuma kan ƙashin na wajen ƙirji yakan fi fitowa a gefe ɗaya. Wanda ya tsaya gaban madubi ya ga gefe ɗaya ya ɗan ɗara ɗayan, in dai babu ciwo kuma ba sabon abu ba ne, kada hankalinsa ya tashi.

Irin aiki. Ƙashi abu ne mai rai. Inda tsoka ta yawaita jansa, nan yakan ƙara kauri da kaushi. Littattafan ilmin sassan jiki sun daɗe da nuna cewa na masu aikin ƙarfi ya fi kauri da lanƙwasa bisa ga na masu aikin zaune. Manyan tsokoki na wuya da ƙirji da kafaɗa duk suna da mariƙa a jikinsa. Saboda haka wanda ya tashi yana huɗa da galma tun yana yaro, da ɗan dako, da maƙeri, da ɗan ga-ruwa mai rataya garwa biyu a kafaɗa, da macen da ta shekara talatin tana daka, ba abin mamaki ba ne nasu ya bambanta da na tela ko malamin ofis.

Gado. Kamar yadda ɗa yake gadon tsawo ko faɗin kafaɗa, haka yake gadon tsarin ƙashinsa. Akwai ma wata halitta da ba a cika gani ba, wadda ake ƙiyasta tana samun mutum 1 cikin 1,000,000, inda akan haifi yaro ƙashin karankarmarsa bai cika ba, ko babu shi sam. Irin wannan yaro yana iya haɗa kafaɗunsa biyu a gaban ƙirji, kuma haƙoransa na girma sukan yi jinkirin fitowa.

Jiki da rama. Wani lokaci ba ƙashin ne ya sāke ba, naman da ke kewaye da shi ne ya ragu. Wanda ya tashi daga doguwar jinya, ko tsoho, ko mai shayarwa da ba ta samun isasshen abinci, ƙashin yakan fito fili har a ga lanƙwasarsa daga nesa. Maganin wannan abinci ne da binciken abin da ya kawo ramar, ba ɗori ba.

Na farko a farawa, na ƙarshe a gamawa

Karin magana ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙashin karankarma shi ne na farko da yake fara ƙarfi a jikin ɗan tayi, tun cikin mako na 5 zuwa na 6 da shigar ciki, kuma tun a cikin mahaifa yake ɗaukar siffar S. Amma shi ne na ƙarshe da yake gama girma. Kansa na wajen ƙirji yana da guringuntsi da ba ya gama haɗewa sai mutum ya wuce shekara 20, yawanci wajen 25, wasu ma har kusan 30. Don haka ne a wasu ƙasashe, kamar Jamus, likitoci sukan ɗauki hoton wannan wuri in kotu tana son sanin shekarun saurayin da ba shi da takardar haihuwa.

Darasin da ke nan ga iyaye shi ne, saurayi ɗan shekara 15 ko 16, ko da ya yi tsawon ubansa, ƙashinsa bai gama ƙosawa ba. A riƙa auna kayan da ake aza masa.

Inda ya fi karyewa

An ambata a baya cewa tsakiyar ƙashin ta fi siranta. Nan ne lanƙwasa biyu suka gamu, kuma nan ne babu igiyoyin nama masu ƙarfi da suka ɗaure shi kamar yadda suka ɗaure kawunansa biyu. Cikin kowace karaya 100 ta wannan ƙashi, kimanin 80 a tsakiya suke faruwa. Mafi yawan sauran a wajen kafaɗa ne, kaɗan ne ƙwarai a wajen ƙirji.

Abin da ya fi karya shi shi ne mutum ya faɗi a kan gefen kafaɗarsa. Nauyin jiki sai ya danne ƙashin ta tsawo, ya ƙara lanƙwasa shi fiye da yadda zai iya ɗauka, ya ɓalle. Faɗuwa daga babur ko keke, faɗowar yaro daga bishiyar mangwaro ko ɗorawa, kāye a filin kokawa, da faɗuwar mahayi a hawan salla, duk irin wannan faɗuwa ce. A jikin yara ƙanana ƙashin yakan tsage ta gefe ɗaya ya lanƙwashe bai rabu ba, kamar ɗanyen kara.

Yadda za a bambance halitta da karaya

Lanƙwasar halitta tana da alamu uku. Tana nan tun da daɗewa. Ba ta ciwo in an danna. In an bi ta da yatsa, sumul take, babu tudu mai kaifi ko gurbi. Mai ita kuma yana iya ɗaga hannunsa sama ya taɓa kunnensa na ɗaya gefen ta saman kai.

Karaya kuwa ga alamunta:

1. Ciwo mai tsanani a wuri ɗaya, nan da nan bayan faɗuwa.
2. Kumburi, daga baya wurin ya yi duhu don taruwar jini.
3. Kafaɗar ta zube ƙasa ta karkato gaba.
4. Mutum ya kasa ɗaga hannu, ya riƙa tallafe gwiwar hannun da ɗaya hannun.
5. Jin ƙasusuwa suna gugar juna in an motsa.

Gwada gefe biyu yana da amfani, amma a tuna ko a mai lafiya ba daidai suke ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne hoton ƙashi. Wani masani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano hasken da ake ɗaukar wannan hoto da shi a 1895, kuma har yanzu babu hannun da ya kai shi ganin abin da ke ƙarƙashin fata.

Akwai alamun haɗari da in an ga ko ɗaya daga ciki, ba a kwana sai an kai mutum asibiti:

1. Ƙashi ya huda fata, ko ya tokare ta har ta yi fari kamar za ta yage.
2. Hannu ya mace ba ya jin taɓi, ko yatsu sun ƙi motsi.
3. Hannu ya yi sanyi ko launinsa ya sāke.
4. Numfashi yana wuya, ko ana tarin jini.
5. Kumburi yana ƙaruwa da sauri a gindin wuya.
6. Mutum ya bugu a ka, ya suma ko yana amai.

Waɗannan suna nuna mai yiwuwa tsinin ƙashi ya taɓa jijiya ko huhu.

Taimakon farko

A zaunar da wanda ya ji ciwo. A sami ɗankwali ko rawani ko tsumma mai faɗi, a naɗe hannun a gwiwa, a rataye shi a wuya yadda tafin hannu zai kwanta a ƙirji. A ba shi farasitamol. In akwai rauni a rufe da tsumma mai tsabta, a asibiti kuma a tambayi allurar rigakafin sandarewar jiki da ake kira tetanus. Kada a ja hannun. Kada a murza wurin ko a gasa shi. Kada a danna ƙashin wai don a miƙar da shi, domin tun asali ba miƙaƙƙe ba ne. Kada kuma a ɗaure hammata tamau, saboda jijiyoyin hannu ta nan suka bi. Garin neman gira ake rasa ido.

Jarirai

Ƙashin karankarma shi ne wanda ya fi karyewa a lokacin haihuwa, musamman in jariri babba ne ko kafaɗarsa ta maƙale wajen fitowa. Wannan yana faruwa a gida, yana faruwa a asibiti. Alamarsa ita ce jariri ya ƙi motsa hannu ɗaya, ya riƙa tsala kuka in an ɗauke shi ta hammata ko ana sa masa riga. Wani lokaci ba a lura sai bayan mako ɗaya ko kwana 10, uwa ko ungozoma ta ji wani ɗan ƙullutu mai tauri a kan ƙashin.

Ƙullutun nan sabon ƙashi ne da jiki ya zuba don ya liƙe karayar. Alamar warkewa ce. Ba a matsa shi, ba a tsaga shi, ba a yi masa sakiya. Cikin mako 2 zuwa 3 ƙashin jariri yakan haɗe, ƙullutun kuma ya baje da kansa cikin 'yan watanni. Abin da ake bukata shi ne a riƙa ɗaukar jaririn a hankali, a tallafi bayansa da kansa, kuma wajen wanka kada a ɗaga shi ta hannu ko a miƙar masa da gaɓoɓi. Amma in hannun ya saki, yana reto a gefen jiki, to mai yiwuwa jijiyar wuya ce ta jawu. Wannan sai an kai shi asibiti da wuri don a koya wa uwa irin motsin da za ta riƙa yi masa.

Magani da lokacin warkewa

Ɗorin wannan ƙashi tsohon ilmi ne. Wata takardar likitanci ta ƙasar Masar, wadda aka rubuta kimanin shekara 3,600 da suka wuce, ta yi bayanin yadda ake kwantar da mai karayar a rigingine, a sa masa matashi tsakanin allunan kafaɗa don kafaɗun su buɗe. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, shi ma ya yi babi a kan karayarsa a littafinsa Attasrif. Tun wancan zamani an lura cewa ƙashin yana da saurin haɗewa, sai dai yana da wuya a riƙe shi ya tsaya daidai yadda yake da.

Har yau, yawancin karayar karankarma rataye hannu kawai take bukata. Yara sukan warke cikin mako 3 zuwa 6, manya kuwa mako 6 zuwa 12. Ba a iya yi mata karan ɗori kamar ƙafa ko damtse, don babu inda za a kewaya a ɗaure. A lokacin jinya a riƙa motsa yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu kullum don kada su sandare. Shan taba yana jinkirta haɗewar ƙashi. Aikin ƙarfi kuwa, kamar huɗa da ɗaukar buhu, sai ma'aikacin lafiya ya ba da izini, yawanci bayan wata 3. Wanda ya karye a Nuwamba ya yi haƙuri, zai riski damina da hannu biyu. Wanda ya yi gaggawa yana iya rasa kaka da damina duka.

Bayan warkewa akan bar ƙullutu a wurin. A jikin yaro yakan baje yayin da yake girma. A jikin babba yakan zauna har abada, ƙashin ma ya ɗan gajarta ko ya sami sabuwar lanƙwasa. In babu ciwo kuma hannu yana aiki, a bar shi. Kada a yarda wani ya sāke karya shi don a gyara.

Akwai karayar da likita zai ba da shawarar aiki: wadda ta huda fata, wadda ta taɓa jijiya, wadda kawunan suka rabu sarai suka hau juna har ƙashin ya gajarta da kimanin santimita 2, da wadda ta ƙi haɗewa bayan watanni. A nan akan ɗora sillen ƙarfe a kan ƙashin a ɗaure da ƙusoshi. Wani bincike da likitocin ƙashi na Kanada suka buga a 2007, a kan majinyata 132 masu karayar tsakiya da ta goce sarai, ya nuna waɗanda aka sa wa ƙarfe sun fi saurin haɗewa, kuma kaɗan ne nasu ya ƙi haɗewa. Sai dai wasunsu ƙarfen ya dame su a ƙarƙashin fata har aka cire shi daga baya.

A wajen wannan aiki ne bambancin lanƙwasa yake zama babban al'amari. Masana'antu suna ƙera ƙarfen da siffar S tun daga can, amma da yake kowa da irin nasa ƙashin, ƙarfen da ya zauna daram a jikin wani ba ya zama a jikin wani, musamman mata da masu ƙaramin jiki. Sau da yawa sai likita ya ƙara lanƙwasa ƙarfen a ɗakin tiyata har ya bi ƙashin majinyacin. Ƙarfe ake lanƙwasawa ya bi ƙashi, ba a tilasta wa ƙashi ya bi ƙarfe.

Mutanen wannan yanki su fara da asibitin da ya fi kusa, ko Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi. In abin ya fi ƙarfin nan, akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Masu ɗorin gargajiya suna da daraja a garuruwanmu, kuma mai ɗorin da ya san aikinsa shi ne wanda in ya ga alamun haɗarin da aka lissafa zai ce a wuce asibiti.

Kumburin da ba karaya ba

Wani lokaci akan ga tudu a wannan wuri ba tare da an faɗi ba. Kaluluwa a kwarin da ke saman ƙashin, wadda ta wuce mako 2 ba ta baje ba, tana iya zama alamar tarin fuka ko ciwon daji a cikin ƙirji ko ciki. Kumburi mai zafi a kan ƙashin tare da zazzaɓi, musamman ga mai ciwon sikila, yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga ƙashi. Yaron da ƙasusuwansa suka yi laushi, mai gwame ko ƙafar baka da kumburin wuyan hannu, shi ma a kai shi a duba. Binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna cewa a yaran Nijeriya ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban dalilin wannan laushi. Nono da madara da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu da miyar kuka suna da wannan sinadari.

Aikin aji

Malami ya raba ɗalibai biyu biyu, maza da maza, mata da mata. Kowa ya ɗora zare a kan ƙashin abokinsa daga ƙirji zuwa kafaɗa, ya auna zaren a jikin rula, ya rubuta tsawon dama da na hagu a littafinsa. Sa'an nan a rubuta na kowa a allo a gwada.

Tambayoyi

1. Ƙashin karankarma nawa ne a jikin mutum, kuma da wane harafi ya yi kama?
2. Kawo amfani biyu na lanƙwasarsa.
3. Waɗanne abubuwa ne suke sa na wani ya bambanta da na wani?
4. In 80 cikin karaya 100 a tsakiya suke, nawa ake sa ran samu a tsakiya cikin karaya 50?
5. Manomi ya karye ranar 1 ga Nuwamba. In ya huta wata 3, a wane wata zai koma aikin ƙarfi?
6. Faɗi alamu uku da suke wajabta kai mutum asibiti nan take.

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba, musamman 'yan acaɓa da 'yan dako da ungozomomi. Allah ya ba da lafiya, ya sa a kwashe amfanin gona lafiya.